Teburin garmaho: amsa daga Landan zuwa Bauchi

Yaya, bayan gaisuwa, ya Hajiya da ƙafa, ya yara? Na ga saƙonka cewa ka fito da garmahon marigayi Baba, ƙirar Technics, ka kakkaɓe, kana so in auno maka teburin da Turawa ke ɗora garmaho. Ba rowa ba ce, amma ba zan sayo ba. Ji dalili.

Tsofaffin gidajen Landan, masu jan bulon nan da ke manne da juna, daɓensu katako ne, ƙarƙashinsa fayau. Ka taka a bakin ƙofa, ɗaki duka ya amsa. Ita kuwa allura, nauyin da take sauke wa faifai bai fi kamar giram 2 ba, kuma ba ta san bambancin kiɗa da takun mutum ba, duk abin da ya motsa ta sai ta kai wa lasifika. Ranar da na kawo nawa, ƙirar Rega, na ɗora shi kan durowa. Ƙanwarka ta gitta da tiren shayi, allura ta yi tsalle ta ƙetare rabin waƙa. Har yau in an zo wurin sai faifan ya yi ƙas.

Na koma shagon da na sayi garmahon, a nan kam dole in sara musu. Ɗaki guda suka ware don sauraro kawai. Wani dattijo a shagon ya zauna da ni kusan awa bai ce in sayi ko tsinke ba. Ya sauke allura kan faifai ba tare da ya sa shi juyawa ba, ya ƙure murya, ya ce in ƙwanƙwasa teburin da yatsa. Lasifika ta ce dum, kamar an daki ganga. Ya mayar da garmahon kan wata kanta da aka kafe a bangon bulo, ya ce in yi tattaki son raina. Shiru kake ji. Gwada wannan a gida, ba ya cin ko sisi.

Kaya kuwa sai wanda ya gani: ƙafafun roba na Sorbothane, masu sifirin, allunan dutse, tebura da wasunsu sun fi garmahon kansa kuɗi. Ni ma ido ya ruɗe ni, na sayi wasu ƙafafun ƙarfe masu tsini ta intanet. Ashe su ƙara haɗa tebur da daɓe suke yi, a kan katako kuwa jiya i yau. Na mayar aka ba ni kuɗina, don dokarsu ta bai wa mai saye ta intanet kwana 14 ya fasa. Na tuna kasuwar Wunti, inda da an ce Allah ya sa albarka magana ta ƙare. A ƙarshe kantar bango na kafa, bayan na yi wa mai gida alkawarin cike ramukan ranar tashi.

Su kansu maƙeran ba bakinsu ɗaya ba. Rega na ganin a yi abu shafal amma ƙam, girgiza ta wuce ba ta sami wurin zama ba. Linn na Glasgow rataye nasu suka yi kan sifirin 3. Na Baba, SL-1200 MK2 da ya fara fita a 1979, da nauyi yake kare kansa, ya kai kilo 12.

To kai daɓen siminti gare ka, abin da mutanen nan ke zuba fam suna nema. Sa mai walda ya haɗa maka gajeren tebur mai kauri wanda ba ya rawa. In kana son ƙari, kafinta ya yi akwati marar zurfi, a cika da busasshen yashi tankaɗaɗɗe, a shimfiɗa allo a kai yadda ba zai taɓa gefe ba. Ari ma'aunin magina mai kumfa a ciki ka daidaita, ƙafafun garmahon murɗawa suke. Lasifiku kuma kada su hau tebur ɗaya da shi.

Abin tsoronka janareto ne. Ɗora shi kan tsohuwar taya, nesa da bangon falo, ka sa sitabilaiza. Gudun juyawar dai ba zai bi wutar janareto yana hawa da sauka ba, Technics da kansa yake tsare saurinsa, a nan ya fi nawa. Sai ƙurar hunturu, sai zafin Afrilu da ke lanƙwasa faifai: jera su a tsaye, kada rana ta same su ta taga.

Abin da zan aiko shi ne sabuwar allura, buroshin share faifai da ɗan sikelin auna nauyin allura, duk za su shiga aljihun jaka. Ɗauko mini hoton kan allurar kusa-kusa yadda lambar za ta fito, kada in sayo wadda ba tata ba. A gaida Hajiya.