Aron littafi daga laburaren wata jami'a: yadda ta kasance da ni a Jos

Tun da na sa hoton littafin nan na Bill Freund akan tarihin haƙar kuza a status mutane ke tambaya ta wai ina na samo shi, har wani yace ko daga Ingila aka aiko min, to bari kawai in rubuta a nan kowa ya gani dan na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya. Ba saye nayi ba, aro ne, kuma ba daga laburarenmu ba, laburarenmu ne ya aro min shi daga na wata jami'a.

Ina digiri na biyu a tarihi, aikina akan leburorin kuza ne, musamman aikin tilas da Turawa suka sa mutane tsakanin 1942 zuwa 1944 bayan Japan ta ƙwace Malaya kuza tayi musu wuya, sai suka dinga kwaso mutane daga ƙasar Kano da Katsina da Sakkwato ana kawo su filato cikin sanyin da basu taɓa gani ba. Kakana na wajen uwa yana cikin waɗanda kuza ta kawo Bukur, a nan ya zauna har ya rasu, shiyasa aikin nan nake ɗaukarsa kamar na gida. Duk wanda zai taɓa wannan fannin dole ya karanta littafin Bill Freund na 1981, Capital and Labour in the Nigerian Tin Mines, Malam mai duba aikina tun ranar farko ya gaya min kar in kawo masa babi na biyu in ban karanta shi ba. Na duba kantar littattafan laburarenmu babu, na zaga masu tsofaffin littattafai a Taminus babu, a intanet kuwa wanda na gani na sayarwa in ka juya kuɗin zuwa naira ka haɗa da na aikowa ya fi ƙarfin ɗalibi. Kuma duk ɗan Jos ya san gobarar da ta ci laburaren Jami'ar Jos da ke Naraguta a watan Oktoba na 2016, littattafan tarihi da na sauran fannonin da ke can da yawa sun tafi, har yau masu bincike a garin nan suna jin raɗaɗin abin.

Wata ma'aikaciya ce a sashen da ake taimakon masu bincike, Hajiya muke ce mata, ta ganni ina ta jujjuya kanta ɗaya kwana uku tace ɗana me kake nema ne haka, na gaya mata, tace ai sai ka cike fom mu tambaya maka a wani wajen. Wallahi shekarata shida ina shiga laburare tun digirin farko ban taɓa sanin ana haka ba, kuma da na tambayi 'yan ajinmu mu goma sha biyu mutum ɗaya ne kawai ya taɓa ji.

Fom ɗin ba wani abu bane mai wahala, sunanka, lambar ɗalibi, sashe, sai bayanin abin da kake so, amma nan ne fa ake yin kuskure. In maƙala ce sai ka rubuta sunan marubuci da sunan mujalla da shekara da juzu'i da shafi daga nawa zuwa nawa, in ka rubuta rabi suma rabi zasu nema. Ni na nemi abu uku, littafin Freund da maƙaloli biyu. Maƙala ta farko ko minti goma ba'ayi ba Hajiya ta fito min da ita, ashe tana cikin JSTOR, wato rumbun mujallun ilimi na intanet, mujallar ƙungiyar masana tarihi ta Najeriya ce wadda aka fara bugawa tun 1956, kuma JSTOR a 2006 suka buɗe wa jami'o'in Afirka kyauta. Tace kafin su tambayi kowa sai sun fara duba irin waɗannan rumbunan na intanet, 'yan likitanci akwai HINARI, 'yan noma AGORA, da yawa abin da ɗalibai ke wahalar nema yana nan a kwamfutar da suke wucewa kullum.

Maƙala ta biyu ita ce ta sa na yarda da tsarin. Tsohuwar mujalla ce da aka buga a Zariya a shekarun 1970, babu ita a intanet ko ta ina, sai takarda. Hajiya ta tura saƙo ga wata abokiyar aikinta a laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, kwana huɗu sai ga ta a imel ɗina an yi sikanin shafi goma sha tara, tas, har da taswirar da ke ƙarshe wadda ban ma san akwai ta ba. Kuɗin sikanin kawai na biya, wanda bai kai abin da zan kashe daga Farin Gada zuwa tasha in dawo ba balle kuɗin motar Zariya ta Saminaka da Pambeguwa da kwana. Na zauna a ɗaki ina karantawa ina ganin sunayen wuraren da na sani, Barikin Ladi, Dorowa, Bukur, wuraren da muke wucewa muga kududdufan da haƙar ta bari, na ji daɗin da ban iya faɗa ba.

Littafin kuma shi ne ya ja min rai, kuma gaskiya a nan ne zan rage musu maki. Laburaren da aka fara tambaya sati uku ba amsa, ba eh ba a'a, ni kuma Malam yana ta tambaya, na koma wajen Hajiya ya fi sau biyar har na fara jin kunyarta. Daga baya da ta samu wani a waya sai akace kwafi ɗaya suke da shi kuma basa fitar da shi. Ni banga laifin hana shi ba, kwafi ɗaya ne, in ya ɓata shikenan, amma da sun faɗa tun satin farko ai da an nemi wani wajen. Na biyu sun yarda amma da sharaɗi, sati biyu kacal, kuma a cikin laburare zan karanta ba zan fita da shi ba, kuma ni zan biya kuɗin zuwa da komawa. Na yarda nan take. Ta mota aka sako shi a tasha, direban yace zai iso la'asar bai iso ba sai washegari da hantsi, daren nan ban yi barcin kirki ba dan sunan Hajiya ne a kan takardar ba nawa ba. Daga ranar da na cike fom zuwa ranar da na riƙe shi sati shida ne.

Abin da na fahimta a zaman nan shi ne duk tsarin akan sanayya yake tafiya. Akwai WorldCat inda zaka rubuta sunan littafi ya nuna maka laburaren da ke da shi, na gwada, sai ya dinga jero min Landan da Amurka da Afirka ta Kudu, alhali littafin yana nan cikin ƙasar, kawai dai kundin yawancin laburarorinmu baya ciki. To sai ma'aikaci ya zauna ya tuna wa ya sani a Zariya, wa ya sani a Kano ko Ibadan, wa suka haɗu a taro. Hajiya ta gaya min da waje akwai wani kati na ƙungiyar laburarori ta duniya IFLA da ake biyan aro da shi maimakon tura kuɗi, cikakke yuro 8 rabi yuro 4, amma da canjin yanzu da kuɗin jirgi, littafi sukutum daga waje sai dai malamai masu tallafin bincike. Ni damuwata ranar da irin su Hajiya suka yi ritaya lambobin nan da ke wayarsu da su zasu tafi, ya kamata ace jami'o'inmu suna da kundi ɗaya da kowa zai duba yaga wa ke da me, abin ya tsaya da ƙafarsa.

Wani abu kuma kar ku ɓata lokaci, takardun ajiya na gwamnati ba'a aronsu. Fayilolin lardin Filato na zamanin Turawa suna gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna, wannan sai ka je da kanka da takardar gabatarwa daga sashenku, kuma itama laburare suna taimakawa wajen rubuta ta. Haka kundayen digiri na wasu jami'o'in, yawanci sai dai a ɗauko maka wani ɓangare.

Sati biyun nan kullum ƙarfe takwas ina bakin ƙofa da rigar sanyi, lokacin hunturu ne, na cika littafin rubutu biyu, babin aikin tilas ɗin sau uku na karanta shi. Ranar mayarwa ni na sayi ambulan mai kauri da leda na naɗe shi a gaban Hajiya muka ƙirga shafukan tare, ta kira can ta basu lambar direba, da suka ce ya iso lafiya sai ta turo min saƙo. In za'a bani maki in bayar, maƙala goma bisa goma, littafi shida, kuma in kana da niyya ka cike fom ɗin tun kana babi na ɗaya dan sati shida ba wasa bane. Yanzu haka na sake cike wani na maƙala akan ƙungiyar ma'aikatan kuza, an ce in leƙa ranar Talata.