Loratadine ya raba ni da gyangyaɗi a kan keken ɗinki

Duk shekara hunturu na shigowa Kaduna, ƙura ta tashi, atishawa da ƙaiƙayin ido sai su hana ni sakat. Bana na shiga wani kemis kusa da shagona a Tudun Wada, yaron ya ƙirgo min chlorpheniramine, 'yar ƙaramar ƙwayar nan mai 4mg, bai ce min uffan ba. Na sha da safe. Kafin azahar idona ya yi nauyi, bakina ya bushe ƙamas, ina riƙe da almakashi na yanka hannun riga a shaddar wani bawan Allah, ya gaza da kusan inci biyu. Shaddar ɗaurin aure ce. Da kuɗina na sayo wani yadin.

Wata mai harhaɗa magunguna da nake wa 'ya'yanta ɗinki ce ta warware min. Ta ce, "Malam, histamin, sinadarin jiki da ke sa ka atishawa, shi ne kuma a ƙwaƙwalwa yake isar da saƙon a zauna a farke. Yana da kujerar da yake zama a jikin jijiya, ana ce mata H1. Ƙwayar nan tana ratsawa har ƙwaƙwalwa ta riga shi zama, saƙo bai isa ba, sai barci." Bushewar bakin ma ta ce kujerar wani ɗan aiken ce, asetilkolin, ƙwayar ta tare. Shi kuwa loratadine, wani maganin atishawar daban, ta ce kaɗan ne yake iya tsallakawa cikin ƙwaƙwalwa, aikinsa a hanci da ido da fata yake yi.

Na koma kansa, 10mg sau ɗaya a rana. Wallahi na yi mamaki. Atishawa ta lafa, idona garau, na kai isha ina taka keke.

Amma kada a ce na yabe shi duka. Toshewar hanci bai taɓa ta ba, da dare har yanzu da baki nake numfashi, kuma ya fi waccan tsada nesa ba kusa ba. Abin da ke ci min rai dai yaron kemis ɗin nan ne. Ya ga tef rataye a wuyana, ya san da allura da almakashi nake wuni. Da mai Keke Napep ne ya sha ya hau gadar Kawo da fasinja fa?