Nawa Za Ka Ce Katinka Ya Kai? Abin Dubawa Kafin Ka Tura Shi PSA, Beckett, SGC Ko CGC

A fom ɗin tura katin ɗan wasa zuwa kamfanin tantancewa akwai gurbi ɗaya da ke tsayar da mutum, wato inda ake cewa ka rubuta darajar katin da dala. Sunan ɗan wasa, shekara, lambar kati da kamfanin da ya buga shi duk suna jikin katin, kwafa kawai za ka yi. Daraja kuwa kai za ka yanke ta. Kuma abin da ka rubuta a nan shi ke nuna nawa za ka biya, yaushe katin zai dawo, da kuma iyakar abin da za a ba ka in ya ɓace ko ya lalace a hannunsu.

Inda sababbin shiga ke ruɗewa shi ne, PSA, ɗaya daga cikin kamfanonin tantancewar, ba kuɗin da ka sayi katin yake tambaya ba, ba kuma abin da zai yi a kasuwa yanzu da yake tsirara, wato ba a tantance shi ba. Abin da yake so shi ne kuɗin da katin zai yi bayan an ba shi makin inganci, wanda goma ne ƙololuwarsa, an liƙe shi cikin gidan roba. Ke nan sai ka amsa tambaya biyu kafin ka rubuta komai: maki nawa katin nan zai samu, kuma nawa aka sayar da irinsa mai wannan makin kwanan nan?

Tambaya ta farko ta fi wuya, domin gwano ba ya jin warin jikinsa. Kowa na ganin nasa katin goma ne. Abu huɗu masu tantancewa ke dubawa: daidaituwar hoton a tsakiya, kusurwoyi, gefuna da fuskar katin. Ɗauki katin ka sa shi ƙarƙashin fitila mai haske, ka karkata shi sannu a hankali. A katuna masu ƙyalli irin su Prizm da Topps Chrome, a nan ne za ka ga siririn layin da injin bugawa ya bari, ko wani ɗan lotsi kamar an danna da bakin allura, wanda ba ya fitowa in kana kallon katin kai tsaye. Juya bayansa. In bayan mai duhu ne, duba kusurwoyin nan huɗu ko akwai ɗan fari-fari da ya fito. Sai ka ɗauki rula ka auna bakin hagu da na dama. Ma'aunin PSA na maki 10 yana neman kusan 55/45 a gaba da 75/25 a baya, don haka in bakin hagu milimita uku ne na dama biyu, ka riga ka kai 60/40, sai ka rage buri. Shawarata ita ce duk makin da zuciyarka ta ba katin, ka cire ɗaya. Katin da aka zaro daga fakiti yau ma ba lalle ne ya kai goma ba, balle wanda ya kwana a aljihu ko aka ɗaure da kyauro.

Tambaya ta biyu aikin bincike ce, kuma doka ɗaya gare ta: kuɗin da aka sallama ake dubawa, ba wanda mai kaya ya sa ba. Mutum na iya sa wa kati dala dubu biyar a eBay, kasuwar saye da sayarwa ta intanet, ya shekara babu ko mai tayi. Shiga ɓangaren kayan da aka riga aka sayar. Nan ma da ɗan tarko, domin in an yi ciniki mai kaya ya karɓi tayin da bai kai kuɗinsa ba, eBay kan nuna tsohon farashin da layi a kansa. Shafin 130point na taimakawa wajen gano ainihin abin da aka biya. PSA da kansa yana da rumbun farashin gwanjo a shafinsa, an jera shi maki-maki, sannan akwai Card Ladder ga mai son ganin hawa da saukar farashi. Ɗauki ciniki uku zuwa biyar na baya-bayan nan, ka watsar da wanda ya yi sama fiye da kima da wanda ya faɗi warwas, ka tsaya a tsakiya.

Kuma lalle na baya-bayan nan. A farkon 2021 an sayar da katin Michael Jordan na 1986 Fleer mai lamba 57, mai maki 10 na PSA, a kan dala 738,000 a gwanjon Goldin. Shekara biyu bayan haka irinsa bai kai rabin wannan kuɗin ba. A 2021 ɗin ce kasuwa ta haukace har PSA ya dakatar da karɓar yawancin aiki a ƙarshen watan Maris saboda tarin katunan da suka yi masa yawa. Wanda ya ɗauko farashin wancan lokaci ya rubuta a fom yau, kansa ya cuta.

A tabbata kuma katin iri ɗaya ne sak. Katin Kylian Mbappé na 2018 Prizm World Cup mai lamba 80 yana da na gama-gari, yana da mai ruwan azurfa, yana da masu launi da aka ƙidaya adadinsu. Hoto ɗaya, lamba ɗaya, amma farashi ko kusa.

Ƙasa, sama ko tsakiya?

PSA ya kasa aikinsa mataki-mataki, kowanne da iyakar darajar katin da zai shiga cikinsa. A jadawalin 2023, matakin Value na karɓar katin da bai wuce dala 499 ba a kan dala 25, Regular kuma har zuwa 1,499 a kan dala 75. Daga nan sai Express mai iyakar 2,499, Super Express 4,999, Walk-Through 9,999. Waɗannan alkaluma kan canja, don haka a duba shafin kamfanin ranar da za a tura, amma tsarin bai sauya ba: tsadar kati, tsadar aiki.

To, bisa wancan jadawalin na 2023, a ce kana da katin da ke yin dala 150 tsirara, dala 400 in ya sami 9, dala 1,400 in ya sami 10. Hanya uku ke gabanka.

Kana iya rubuta 1,400 ka shiga Regular. Katin zai dawo da wuri, kuma in wani abu ya same shi kana da rufin asiri. Amma in ya fito da 9, ƙarin dala hamsin ɗin nan ta tafi ke nan, ba a mayar da canji. A kati ɗaya ba komai ba ne. A kati ashirin dala dubu ce.

Kana iya rubuta 400 ka shiga Value. In ya sami 9, ka biya daidai. In ya sami 10, PSA na da ikon ɗaga shi zuwa matakin da ya dace ya nemi ciko kafin ya sake shi. Mutane na jin haushin wannan ciko, ni kuwa ban ga abin haushi ba. Saƙon da ke cewa ka ƙaro dala hamsin saboda katinka ya koma na dala 1,400 ai albishir ne. Wannan hanyar na fi so ga yawancin katunan zamani, muddin tara ɗin ita ce abin da idonka ya gani tsakani da Allah.

Hanya ta uku ita ce ta masu wayo: katin da ko da 8 ya samu zai haura dala dubu, sai a rubuta masa 300 don a shige ta ƙaramar ƙofa. Ba ta ɓullewa. Masu tantancewa sun san kasuwa, za su nemi cikon, aikin ya tsaya har sai ka biya. Abin da ya fi wannan muni shi ne diyya. In katin ya ɓace ko injin liƙewa ya murƙushe masa kusurwa, ba za a biya ka fiye da abin da ka rubuta da hannunka ba. Haka ma inshorar hanyar dawowa, a kan wannan adadin ake lissafa ta. Kada kuma a ɗauka cewa rubuta babban kuɗi hanyar cin riba ce. Ba ya ƙara wa kati maki, kuma in an zo biyan diyya farashin kasuwa za a duba.

Inda nake sauya shawara shi ne katin da ba shi da na biyu a wurinka, ko wanda tazarar tara da gomansa ta kai dubbai. Mai katin Messi na farko, 2004 Panini Megacracks mai lamba 71 bis, ko na Cristiano Ronaldo na 2002 Mega Craques mai lamba 137, bai kamata ya tsaya tsimin kuɗin mataki ba. A nan kwanakin da katin zai yi a hannun wasu da girman inshora sun fi komai.

Wane kamfani?

PSA, wanda aka kafa a 1991 a Kalifoniya, shi ne ya fi kasuwa. A yawancin katunan zamani goman PSA ta fi ta sauran kuɗi wurin sayarwa, shi ya sa mutane ke jure tsadarsa da cikonsa. Katin Pelé na 1958 Alifabolaget da ya zama katin ƙwallon ƙafa na farko da ya haura dala miliyan ɗaya, a 2022, makin PSA 9 ne a jikinsa.

Beckett na Texas ya bambanta ta wani gefe mai muhimmanci ga wannan magana. An san shi da sa kuɗin aiki bisa saurin da kake so, darajar da ka rubuta kuma ta fi shafar inshorar dawowa. Don haka ga kati mai tsada da ba ka gaggawa a kansa, lissafin kan yi sauƙi. Yana kuma iya ba da maki daban-daban na tsakiya, kusurwa, gefe da fuska, abin da ke nuna maka ainihin inda katin ya gaza.

SGC na Florida ya yi suna a tsofaffin katuna. Katin Mickey Mantle na 1952 Topps da aka sayar dala miliyan 12.6 a gwanjon Heritage a watan Agustan 2022 yana cikin gidan SGC ne da maki 9.5. Matakinsa na ƙasa ya kasance mai faɗi, yana ɗaukar katin da bai kai dala 1,500 ba, don haka katin misalinmu ko tara ya samu ko goma ba zai tsallake iyaka ba. Tun 2024 kamfanin Collectors, uwar PSA, ya saye shi. CGC, shi ma na Florida, ya fi ƙarfi a katunan Pokémon, kuma yana da nasa matakan bisa farashin kasuwa.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗauko farashin PSA a rubuta a fom ɗin wani kamfani. Tara da rabi na Beckett ba goman PSA ba ce. In SGC za ka tura, cinikin katunan SGC za ka nema. A kuma karanta yadda kowane kamfani ya fassara darajar a fom ɗinsa, kada a ɗauka duk kanwar ja ce.

Ga mai turowa daga nesa, ko Kano ko Yamai ko Kumasi, akwai wata daraja ta biyu da ba a haɗa ta da wannan: wadda ake rubutawa a takardar kwastan da inshorar kamfanin aika kaya. A tafiya katin tsirara yake, darajarsa ta tsirara ce. A dawowa ya zama tantacce, kuma a kan sabuwar darajar ce za a iya neman haraji. Tambayi kamfanin aika kayan ko inshorarsu ta shafi kayan tarawa irin wannan, domin da yawa suna da ƙaramar iyaka a kansu. In ka haɗa kuɗin zuwa da dawowa da na tantancewa ka ga sun cinye tazarar da ke tsakanin farashin tsirara da na tara, katin bai cancanci tafiyar ba. Masu katuna kaɗan sukan bi ta hannun dillalan da ke tara na mutane da yawa su tura a dunƙule. Yana rage kuɗi, amma kafin ka miƙa katinka ka sa dillalin ya rubuta maka darajar da zai sa wa kowanne, wa zai biya ciko in ya taso, da kuma nawa za ka karɓa in akwatin ya salwanta a hanya.