Wace Sitirima Ta Dace da Kifin Turawut na Tafki?

Turawut na tafki, wanda ake samu a tafkunan Kanada da arewacin Amurka, kifi ne mai son ruwan sanyi, wajen digiri 10 na ma'aunin Celsius. Ƙanƙara na narkewa sai ya hau sama yana farautar ƙananan kifaye kusa da gaɓa, zafi na shigowa kuma ya nutse mita 20 ko fiye. Don haka kafin ka ciro kuɗi a kanti, fara sanin zurfin da kifin yake. Kyan gashin da ke jikin ƙugiya na baya ne.

Sitirima dai ƙugiya ce da aka ɗaure wa gashin tsuntsu ko na jelar barewa har ta yi kama da ɗan kifi.

Idan a bayan kwalekwale za ka ja ta lokacin da kifi ke sama, ni dai Grey Ghost zan nuna maka. Carrie Stevens ce ta ƙirƙiro ta a Upper Dam da ke jihar Maine ta Amurka a shekarun 1920, tana ɗaure ta a hannu ba tare da matsin da ke riƙe ƙugiya ba. Siririya ce mai ruwan toka, kamar ɗan kifin simelt da turawut ke yawan ci. Nemi mai ƙugiya biyu a jere, domin sau da yawa kifin daga jela yake cafka. Ɗaga ta zuwa haske kafin ka biya: idan fikafikan gashinta biyu ba su kwanta daidai da juna ba, za ta riƙa juyi cikin ruwa, kifi kuwa ba ya kula ta. Ɗaurinta na da wuya, gara sabon shiga ya saya.

Mai jifa da hannu kuwa, Clouser Minnow ta fi masa. Bob Clouser ya fito da ita a 1987 a kogin Susquehanna da ke Amurka. Idanunta na ƙarfe su ke nutsar da ita, su kuma juya bakin ƙugiya sama, ba ta cika maƙalewa a duwatsu ba. Ka ja, ka dakata, ta sunkuya kamar ɗan kifin da ya jigata. A dakatawar nan ake yawan cafka. Wannan kam ɗaure abarka a gida, fara da shuɗiya ko fara da ruwan toka. Zaɓi idanun tagulla, ba na dalma ba, saboda dalma na kashe tsuntsayen ruwa idan suka haɗiye ta.

Wata sitirimar mai suna Woolly Bugger tana da araha, ajiye baƙa da fara a akwati, amma kada ka dogara da ita kaɗai.

Inda masu saye ke yin asara shi ne igiya. Sitirima mai tsada a kan igiyar da ke yawo a saman ruwa ba za ta kai wa kifin da ke ƙasa ba. In kuɗin ba su da yawa, rage yawan ƙugiyoyi ka sayi igiya mai nutsewa da sauri, sannan ka duba dokar fatsa ta jihar ko lardin kafin ka fita, don wasu tafkunan sun hana ƙugiya mai ƙaya.