Wurin gashin ƙashi na wajen Ƙofar Ƙaura, ga abin da na gani

Masu tambayata inda muka kai Baba bayan an cire mashi filasta a ƙafa, wani ƙaramin wurin gashin ƙashi ne a wajen Ƙofar Ƙaura nan cikin Katsina, kuma gaskiya na yaba da aikinsu.

Abin da ya fi burge ni ba sa taɓa mutum sai sun yi mashi bayani. Baba ya kafe shi dai a bar shi ya kwanta ƙafar ta huta, mai gashin ya jawo kujera ya ce Baba ai hutun nan shi ke cinye ƙafar, a cikin agara da jijiyoyin gaɓa akwai ƙwayoyin halitta masu saƙa wani zare da ake ce ma kolajin, kuma suna jin ja da nauyi, in ana motsa su daidai gwargwado sai su yi ta saƙa zaren ya jeru ya yi ƙwari, in an bar su ba motsi zaren ya yi rauni gaɓa ta sandare. Guringuntsin gwiwa ma babu jijiyar jini a cikinshi, kamar soso yake, an taka ya matse an ɗaga ya tsotsi ruwan gaɓa, ta nan ƙwayoyinshi ke samun abinci. Amma fa in ƙarfi ya wuce kima ko matsi ya daɗe a wuri ɗaya mutuwa ƙwayoyin suke, shi ya sa ɗorin da aka tamke da yawa ke kashe nama, shi ya sa ake juya mara lafiyan da ke kwance duk bayan awa 2.

Kuma wallahi haka suke aikin. Da wata roba mai laushi suka fara, ya tallabe diddigen Baba da hannu ɗaya idonshi na kan fuskarshi, yana yamutsa fuska zai sassauta. Kullum sai ya tambaya ko ƙafar ta kwana da kumburi kafin ya ƙara nauyi. Yanzu Baba da sanda yake takawa masallaci, Alhamdulillah.

Inda suka gaza wurin zama ne, benci ya yi kaɗan ga tsofaffi a tsaye, in an ɗauke wuta kuma sai an jira janareta. Mace mai gashi ɗaya ce, Hajiyoyi a fara tambayar ranar da take nan. Ku tafi da hoton ƙashinku da wando mai faɗi.