Wasiƙa daga Bradford: Yaya, ga yadda ake rainon yara a nan

Assalamu alaikum Yaya. Ya yara, ya sanyin Jos? A gaishe min da Inna da duk mutanen Anguwan Rogo. Kin tambaye ni yadda masu raino suke aiki a Ingila, tunda matan unguwa sun fara ajiye miki 'ya'yansu kafin su wuce kasuwar Terminus ko ta Farin Gada, har kina tunanin mayar da abin sana'a. Na rubuto a fili ne don na san ba ke kaɗai ke da wannan tambaya ba.

Raino a nan tsada gare shi, irin tsadar da ke sa uwa hawaye. Idan yaro bai kai shekara 2 ba, kuma wuni zai riƙa yi a gidan raino Litinin zuwa Juma'a, a wurare da yawa kuɗin kan haura fam 1,000 a wata in daga aljihunki za ki biya duka. Babu kaka, babu goggo, babu maƙwabciyar da za ki miƙa wa jariri ta katanga ki ce "riƙe min, yanzu zan dawo". Na san ma'aurata 'yan gida da miji ke aikin dare, matar na rana, a bakin ƙofa suke gaisawa, shi ya shigo da barci a ido ya karɓi yaro, ita ta ruga ta kama bas.

Gwamnati tana rage nauyin. Kowane yaro ɗan shekara 3 ko 4 yana da awa 15 ta raino a mako kyauta, mako 38 a shekara. A 2017 aka mayar da shi awa 30 ga iyaye masu aiki, sannan daga Satumban 2025 awa 30 ɗin ta sauko har kan jariri ɗan wata 9. Dalilin wata 9 kuwa, hutun haihuwa a nan yana kai mako 52, amma mako 39 ake biyan uwa, to daidai lokacin da kuɗin zai yanke ake son tallafin raino ya karɓa. A gida dokar ƙwadago mako 12 ta ba mai jego.

Sai dai mai shirin tahowa ta saurara da kyau. Yawancinmu da muka shigo da bizar aiki, irin nas-nas da masu kula da tsofaffi, an rubuta a takardunmu cewa ba mu da haƙƙin cin tallafin gwamnati. Awa 15 ɗin 'yan shekara 3 da 4 tana samunmu, awa 30 kuwa ba tamu ba ce sai takardu sun canza. Muna biyan haraji kamar kowa, kuma wallahi abin yana ci min rai.

Abin da ya fi dacewa da ke shi ne matan da ke raino a cikin gidajensu, irin wadda nake kai autata wurinta. Duk wadda za ta riƙe yaran da ba danginta ba, 'yan ƙasa da shekara 8, fiye da awa 2 a rana don a biya ta, dole ta yi rajista, yawanci da Ofsted, hukumar da ke sa ido kan makarantu da wuraren raino. Ana bincikar ta da manyan da ke zaune a gidan ko sun taɓa aikata laifi, ta koyi taimakon gaggawa na yara, a zo a duba gidan. A ƙa'ida ba ta wuce yara 6, kuma 3 kawai a cikinsu za su zama ƙanana waɗanda ba su isa makaranta ba. Tamu ta sa ƙaramar ƙofa a bakin matakala da bakin kicin, magunguna suna sama cikin kabad mai makulli, jikin bango kuma ga takarda da sunan kowane yaro da abin da ba ya ci. Na ce mata halal kawai, ta rubuta nan take. Ranar da yarinyar ta ƙuje gwiwa, na tarar an rubuta lokacin da wurin da ta faɗi, na sa hannu.

Ƙaramar hukuma ba ita ke rainon ba, amma ta san kowace mai raino da sunanta da layinta. Dokar rainon yara ta 2006 ta ɗora mata alhakin tabbatar da cewa wuraren raino sun wadaci iyaye masu aiki. Kuɗin awannin kyauta daga gwamnatin tsakiya yake zuwa hannunta, ita kuma ta biya masu raino bisa awa. Tana shirya musu horo, tana da ofishin da uwa za ta buga wa waya a gaya mata wa ke da gurbi kusa da ita, tana ƙara kuɗi idan yaro mai buƙata ta musamman ne. Masu rainon suna kukan cewa abin da ake biya bai kai ɗawainiyarsu ba, shi ya sa wasu ke karɓar kuɗin abinci da famfas daban, wasu ma sun bar sana'ar. Duk da haka akwai ƙofar da za su ƙwanƙwasa.

Wannan ƙofar ce nake mana kwaɗayi. Mata masu iya raino ba su taɓa yi mana ƙaranci a Jos ba, daga Gangare har Rikkos, kuma goyo da kunun da yaro ke samu wurinku ba a sayar da irinsa a nan. Amma wa ya ƙirga su? Wa ya taɓa koya musu abin yi idan yaro ya shaƙe da gyaɗa, ko zazzaɓi ya sa shi jijjiga? Dokar UBE ta 2004 ta sa kula da ƙananan yara cikin ilimin bai-ɗaya, akwai SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, a Filato, akwai hukumar ilimi a Jos ta Arewa. A Yulin 2024 kuma Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ba awa 30 nake roƙo ba, na san ƙarfin aljihun. Littafin rajista, horon kwana biyu daga ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi, da mai zuwa duba rijiya da murhu, waɗannan ba su fi ƙarfin kowane ciyaman ba. Kuma za su rage ɗauko yarinya 'yar shekara 10 daga ƙauye a ɗora mata goyo alhali ita ma aji ya kamata tana zaune.

Ke dai Yaya kada ki jira su. Ki tsayar da adadi, jarirai kada su wuce biyu in ke kaɗai ce, ko da uwa ta yi ta magiya. Ki sa wa rijiyar tsakar gida murfi da kwaɗo, ki raba wurin girki da wurin wasa, ki sayi littafi ki rubuta lambar uwa da ta uba da wanda aka yarda ya ɗauki yaro. Ki yanke kuɗinki a wata tun farko, don kunya ba za ta saya miki sabulu ba. In kun kai ku biyar masu yi, ku je wurin kansila tare ku nemi horon. Kuɗin akwatin taimakon gaggawa ni zan turo ƙarshen wata, in sha Allahu, ki aiko min da lambar asusunki ta WhatsApp.