Garejin bayan Tashar Dukku da ya gano min ciwon birki

Kullum da safe sai na sauko gangaren nan daga Tumfure zuwa cikin gari, kuma duk wanda ya san Gombe ya san ba wurin da mutum zai so birki ya yi masa wasa ba ne. To a nan ya yi min, wata Litinin, ina bin bayan Keke Napep cike da 'yan makaranta. Na taka, ƙafata ta tafi luɓus kamar na taka burodi. Sai da na saki na sake takawa sau biyu da sauri kafin motar ta kama. Innalillahi kawai nake ja har na isa wurin aiki.

Motar Corolla ce ta 2005, shekara shida tana hannuna. Bakaniken da na fara kai wa ko shiga cikinta bai yi ba. Daga jin bayanina ya ce masta ce, wato babbar silindar da ke tura man birki zuwa tayoyi in an taka feda. Aka sayo ta Beljiyam aka ɗaura, na biya, aka jefa min tsohuwar a but. Kwana huɗu birkin ya yi daidai, a na biyar ya koma gidan jiya.

Ƙanena ne ya yi min kwatancen wannan garejin. Ba shi da allo, rumfar kwano ce da bishiyar dogonyaro guda biyu, sai wani benci da ƙafarsa ɗaya ta gaza aka tokare ta da tsohon batir. Maigidan wurin dattijo ne, furfura ta fara cin gemunsa, ba ya son yawan magana. Bayan mun gaisa na fara zuba masa labarin masta, ya ɗaga hannu.

"Hajiya, bari motar ta faɗa min da kanta."

Ya shiga ya zauna, mota a kashe. Ya yi ta taka birkin har ya yi tauri, ya danne, sannan ya tayar da injin. Fedar ta ɗan sauka kaɗan a ƙarƙashin ƙafarsa. Ya ce busta, wato abin da ke ƙara wa ƙafa ƙarfi in an taka birki, lafiyarta ƙalau, haka ake so ta yi. Sai ya sake dannewa ya riƙe, ya yi shiru yana kallon gabansa kusan minti guda, har na zaci ya manta da ni. Ashe sauraron ƙafarsa yake. Ya bayyana min cewa idan robobin cikin masta sun cinye, feda kan riƙa sulalewa ƙasa a hankali ko da ba ka ƙara ƙarfi ba, kuma sau da yawa ba za ka ga mai ya zuba a waje ba, don a cikinta yake zagayawa. Tawa ba haka take ba. Takun farko ne yake tafiya da nisa, da laushi, in an yi famfo sai ya taso. Wannan, in ji shi, iska ce a cikin layin man birki, ko kuma lainin baya, wato abin da ke goga daram ya tsayar da taya, ya yi nisa da daram ɗin, ƙarfen nan mai kamar kwano da ke juyawa tare da taya. Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa, shi ya sa ƙafa take jin kamar soso.

Ya ja birkin hannu, ya ƙirga ƙarar da ya yi kafin ya kama, ya girgiza kai. Sannan ya buɗe bonet ya nuna min kwalbar man birki. Mako ɗaya kacal da cika ta, amma ta sauka ƙasa da layin tsakiya.

"Mai ba ya tashi sama, Hajiya. In ya ragu haka cikin mako, akwai inda yake fita."

Ya sa yaro ya ɗaga motar da jak. Ya bi tiyo na roba da ke kowace taya ta gaba yana lanƙwasawa, yaron na taka birki, don ya ga ko akwai wanda ke kumbura ko ya tsage. Babu. Da aka cire tayar baya ta hagu aka zare daram, sai ya kira ni da hannu. Na tsuguna da mayafina na leƙa. Ciki ya yi baƙi ƙirin, ƙura ta caɓe da mai ta zama kamar kwaɓin kwalli. Ya sa ɗan yatsa ya ɗaga robar da ke bakin ƙaramar silindar nan mai tura lainin, mai ya ɗigo masa a farce. Nan ne. Abin bai fi tsawon yatsata ba, kuma daram ya rufe shi, shi ya sa ban taɓa ganin ɗigo a inda nake ajiye mota ba.

Na so a canza silindar kawai a wanke lainin da fetur, don aljihuna ya riga ya ji jiki. Ya ƙi. Ya ce lainin da ya sha mai ba ya komawa daidai, kuma ba a canza na gefe ɗaya a bar ɗaya, in ba haka ba mota za ta riƙa fizga gefe in an taka. Na ji haushi a lokacin, ban ɓoye ba. Amma ya bar ni na tafi kasuwar kayan mota da yaronsa na saya da kaina, bai ce in ba shi kuɗi ya sayo ba, kuma wannan ya kwantar min da hankali.

Batun mai ma ya tsaya a kai. Ya ce in sayo DOT 3 ko DOT 4 a gwangwani rufaffe, kada in yarda da na tsiyaye a gorar ruwa. Man birki yana zuƙar danshin iska, in ya sha ruwa kuma yakan tafasa da wuri idan birki ya yi zafi a gangare, tururin ya zama tamkar iska a layi. Wanda ya fara fitowa daga tayoyin baya kalar shayin da aka manta a wuta ne. Mai canza masta sama kawai ya cika, tsohon yana nan kwance a fayif.

Fitar da iskar ya ɗauki lokaci. Yaro a kujerar direba, shi a ƙasa da sifana, da siririn tiyo a cikin gora. Daga tayar baya ta dama ya fara, wadda ta fi nisa da masta.

"Taka! Taka! Riƙe!"

"Na riƙe, Oga!"

Ya sassauta ƙusar fitar da iska, kumfa ta fito fus, ya ɗaure. "Saki." Haka suka yi ta yi taya bayan taya, yana miƙewa lokaci lokaci ya ƙara mai a kwalba don kada ta ƙafe iska ta sake shiga, har mai ya fito garau ba kumfa ko ɗaya.

Inda wurin ya gaza kuwa, ya gaza. Na je da ƙarfe 9, ban bar wurin ba sai bayan la'asar, domin motoci uku yake yi a lokaci guda kuma ba ya yarda yara su ƙarasa aikin birki ba ya wurin. Babu inda mace za ta yi alwala a suturce, sai da na roƙi wani gida a maƙwabta. Rasit babu. Yaron da ya zauna a kujerata ya bar min tambarin baƙin mai da har yau bai fita ba, wani kuma ya ɗiga man birki a jikin fenti, sai da Ogan ya daka masa tsawa ya kawo ruwa da gudu, don man yana cin fenti. Duk wadda za ta je ta tafi da tsohon zane ta shimfiɗa a kujera.

Kuɗin hannunsa naira 8,000 ya ce, na nemi ragi ya yi murmushi bai rage ba. Kafin ya ba ni makulli ya tuƙa motar da kansa ya zaga, ya dawo ya ce in leƙo bayan mako biyu. Na koma, ya duba kwalba, mai na nan inda ya bar shi, ya leƙa bayan tayar da tocila, a bushe.

Na nuna masa tsohuwar mastar da aka cire min. Ya jujjuya ta, ya ce in adana, da wuya in akwai abin da ya same ta. Tana nan a but, duk kwanar da na sha sai na ji ta gangara ta bugi jak.